Mitar gwajin wuta: ta araha ta isa mota, amma a yi hattara da ita a gida

Idan ka shiga Zongo Lane a Akra, ko ka zaga shagunan kayan wuta na Adum a Kumasi, ka ce kana neman mitar gwajin wuta, kafin ka rufe baki an jera maka biyar ko shida a kan tebur. Ga 'yar ƙaramar nan mai ruwan ɗorawa da ake ratayewa a ƙofar shago kamar kayan wasan yara. Ga matsakaiciya mai rigar roba. Ga kuma wadda mai shago zai ciro daga cikin gilashi da hannu biyu, wadda kuɗinta zai saya maka sabon batirin mota har ka samu canji. Abin da ke rikita mai saye shi ne, in aka ɗora su duka a kan batir ɗaya, kusan lamba ɗaya za su nuna. To me ya sa wannan ta ninka waccan ninkin-ba-ninkin a kuɗi?

Wannan tambaya nake yawan sha daga direbobin tasi da masu trotro na unguwarmu, da magidantan da suka gaji da kiran mai gyara a kan soket ɗaya. Sun san na yi shekarun samartakata ina koyon gyaran wutar mota a wani gareji a Suame Magazine, kuma har yau ba na rabuwa da mita a jaka. Amsar da nake ba su ita ce, yawancin kuɗin da kake ƙarawa a kan mita, kariya kake saya saboda ranar da hannu zai kuskure. A kan batirin mota mai bolt 12, kuskure zai ci maka fis ko wayar gwaji. A kan wutar gida mai bolt 230, yana iya cin fuska, yana iya cin rai.

Tsofaffin masu gyara har yanzu "abo mita" suke kiranta, ko wane kamfani ya ƙera ta. Sunan ya fito ne daga Avometer da aka fara sayarwa a Ingila a 1923, ƙirƙirar wani injiniyan gidan waya mai suna Donald Macadie, wanda ya gaji da ɗaukar na'urori daban-daban zuwa wurin aiki. Haruffan AVO farkon sunayen abubuwa uku ne da take aunawa: amfa, bolt da om. Bolt shi ne ƙarfin turin wuta, kamar ƙarfin ruwa a famfo. Amfa shi ne yawan wutar da ke wucewa ta cikin waya. Om kuwa yadda abu ke tare wa wuta hanya. Mitocin yau sun koma masu nuna lamba a gilashi, an cika su da tarkace, amma aikin da ni da kai za mu yi da su bai wuce waɗannan ukun ba.

Inda 'yar araha ke da baki

Mitar nan mai ruwan ɗorawa, galibi za ka ga an rubuta mata DT830. Kamfanoni barkatai ke ƙera ta a Sin, kowa ya buga sunansa. Iyakar lambar da take nunawa 1999 ce, saboda haka in ka juya makunninta zuwa 20 a ɓangaren DC, wato wutar batir, za ta ba ka lamba biyu bayan ɗigo. Wallahi wannan ya isa ya raba ka da asara mai yawa.

Ka samu motar da ta kwana ba a tayar ba. Jar waya a kan batir mai alamar ƙari, baƙa a mai alamar ragi. In ka ga 12.6, batir cike yake. In ka ga 12.4, akwai wajen kashi uku cikin huɗu. 12.2 rabi ke nan, 12.0 kuwa ya kusa ƙarewa. Ka ga tsakanin cikakken batir da wanda ya kwanta, ɗan abu ne da bai kai bolt ɗaya ba, shi ya sa taɓa waya a ga tartsatsi ba gwaji ba ne. In kuma yanzu aka kashe motar, lambar za ta yi maka ƙarya ta yi sama; kunna fitilun gaba minti ɗaya ko biyu, ka kashe, ka ɗan jira, sannan ka auna.

Gwaji na biyu yana son mutum biyu. Kai kana riƙe da wayoyin a kan batir, wani yana murɗa makulli. Lokacin da kik ke juya inji, bai kamata lambar ta faɗo ƙasa da 9.6 ba. Batirin da ke nuna 12.6 a zaune, amma da an taɓa kik ya rufto zuwa 7 ko 8, ya gama aiki, ko me mai sayarwa ya rantse maka da shi. Da inji ya tashi sai ka sake dubawa: tsakanin 13.8 da 14.5 ake so. In lambar ta tsaya a sha biyu da ɗoriya, tana kuma raguwa in ka kunna fitila da fanka, altaneta ba ta caji, ko bel ɗinta ya saki. In ta haura 15, caji ya yi yawa, ana dafa batirin ne, wani lokaci har ka ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Wasu sababbin motoci kwamfuta ce ke sarrafa cajinsu, takan sauke lambar da gangan in batir ya cika, don haka a irinsu kada a yi saurin yanke hukunci. Manyan motoci masu bolt 24 kuwa, ka ninka duk lambobin nan biyu, ka kuma matsar da makunnin mitar zuwa 200.

Sau nawa na ga direba ya tara kuɗin kwana da kwanaki ya sayi sabon batir, bayan mako biyu ga shi ana tura shi a tasha? Batirin farko lafiyarsa ƙalau, altaneta ce ba ta ba shi abinci. Akwai ma wanda ya fi wannan ban haushi: batir lafiya, altaneta lafiya, tsatsa ce kawai a kan batir, ko wayar da ta haɗa batir da jikin inji ta ciwu daga ciki. Yadda ake kama wannan shi ne a bar mita a kan bolt, a ɗora waya ɗaya a kan darmar batirin kanta, ɗaya a kan maƙalin da ya riƙe ta, a murɗa makulli. In an ga abin da ya wuce 0.2, wurin yana son kankara da ɗauri. Daga ragin batir zuwa jikin inji kuma, in ya kai rabin bolt, wayar ta gaji. Awon om ba zai nuna maka wannan ba, domin ko sili ɗaya ya rage a cikin waya, mita za ta ce hanya a buɗe take. Sai an ɗora wa wayar nauyin kik sannan asirinta ke tonuwa.

Duk wannan DT830 za ta yi shi. Inda take gazawa a mota wuri biyu ne. Na farko, ita kanta tana ɗan shan wuta daga abin da take aunawa, domin tarewarta ta ciki om miliyan ɗaya ce, alhali mitoci masu kyau miliyan goma ne. A kan batir ba komai, amma a kan wasu ƙananan na'urorin da ke kai wa kwamfutar mota labari, tana iya karkatar da lambar. Na biyu, masu gyara kan sa mita a AC a kan batir, inji na aiki, don su gane ko altaneta na zubo gurɓatacciyar wuta. Mita mai kyau za ta nuna ƙasa da rabin bolt in komai lafiya. 'Yar arahar kuwa ba ta iya raba wutar batir da waccan, kana iya ganin ta nuna wani abu wajen 30, yaro mai koyo ya ce altaneta ta mutu a je a sayo wata.

Ramin 10A

A ƙasan kowace mita akwai ramuka uku ko huɗu. Baƙar waya tana zama a COM, ba ta tashi. Jar waya tana zama a ramin da aka rubuta V. Sai kuma wani rami a gefe mai lamba 10A, na awon amfa. Wannan ramin nake so mai karatu ya fahimta fiye da komai.

In kana awon bolt, mita kamar ƙofa ce a rufe, wuta ba ta wucewa ta cikinta sai ɗan abin da ba a rasa ba. Da zarar ka mayar da jar waya ramin 10A, cikin mitar ya zama guntun ƙarfe kawai da ya haɗa bakin wayoyin biyu. Mutum ya gama awon amfa, ya manta bai mayar da wayar ba, ya ajiye. Gobe ya ɗauko, ya juya makunni zuwa bolt, ya ɗora a kan batir ko ya zura a soket. Juya makunni bai canza komai ba. Ya haɗa wuta gaba da gaba ke nan. Mita mai kyau akwai fis a wannan hanya, zai tsinke, shi ke nan, ka yi asarar fis. Wasu ma ƙara suke yi tun kafin ka taɓa komai, don su tuna maka waya tana ramin da bai dace ba. A jikin DT830 kuwa, duba kusa da ramin, za ka ga an rubuta UNFUSED, wato babu fis. Batirin mota yana iya turo ɗaruruwan amfa nan take, wayoyin su yi ja su narke a hannunka. A soket kuwa, sai dai mu ce Allah ya kiyaye.

Amma ramin yana da ranarsa. Motar da batirinta ke mutuwa cikin dare, da shi ake kama ɓarawon. A kashe komai, a cire makulli, a rufe ƙofofi, a kwance maƙalin ragi, a sa mita tsakanin darmar batir da maƙalin. A ba motar minti ashirin zuwa talatin kwamfutocinta su yi barci, wasu motocin ma fiye da haka. Ƙasa da 0.05 ba laifi. In aka ga 0.3 ko 0.5, wani abu na sha. Yi lissafi: rabin amfa a awa 24, an kwashe kashi ɗaya cikin biyar na batir mai lamba 60 ke nan, mota na tsaye. Sai a riƙa zare fis ɗaya bayan ɗaya har lambar ta faɗi. Yawanci abin da aka ƙara wa mota daga baya ne: rediyo ko amfilifaya da aka haɗa kai tsaye da batir, na'urar bin sawu, ko fitilar but da ba ta mutuwa. Kada dai wani ya murɗa makulli mita na tsakani, don kik na jan fiye da amfa 100.

A gida lissafin ya canza

Wutar gidajenmu a Ghana bolt 230 ce, inda aka jawo layi uku kuwa akwai wajen 400 tsakanin layi da layi. Kusan kowace mita an rubuta mata 600, 750 ko 1000, sai mutum ya ga ai ya wuce wurin. Matsalar ita ce layin wuta ba ya zama lafiya lau kullum. Tsawa a damina, dawowar wuta bayan dumsor, tashi da tsayuwar manyan injina a unguwa, duk suna iya harbo dubban bolt na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. In wannan ya samu mita a kan layi, kuma tazarar da ke tsakanin hanyoyin tagulla na cikinta ƙarama ce, wuta za ta tsallaka. Da ta tsallaka ta buɗe hanya, wutar layin gaba ɗaya ta biyo baya, a cikin akwatin robar da ke tafin hannunka. Kuma iya kusancinka da inda wuta ke shigowa gida, iya yawan abin da zai biyo.

Saboda haka ne ƙa'idar duniya mai lamba IEC 61010 ta kasa wuraren aiki, kuma shi ne rubutun CAT da ke kusa da ramukan mita. CAT II na kayan da ake sa wa a soket ne. CAT III na akwatin raba wuta da wayoyin cikin bango. CAT IV na mashigar wuta, wajen mitar kamfani da layin waje. Mita mai CAT II 600V ana gwada ta da harbin bolt 4,000, mai CAT III 600V da 6,000, mai CAT IV 600V da 8,000. Ga inda ake yaudarar mutane: CAT II 1000V ta fi kama ido, amma CAT III 600V ta fi ta kariya a akwatin wuta, domin ko da yake harbin gwajinsu ɗaya ne, na CAT III yana zuwa da amfa mai yawan gaske a bayansa. In za ka taɓa buɗe akwatin wutar gidanka, CAT III 600V ce mafi ƙarancin abin da zan yarda ka riƙe.

To amma rubutu ai ba ya da tsada. Duk mai injin buga tambari zai iya rubuta CAT IV a jikin gwangwani. Alamar CE ma kamfani ne da kansa ke cewa ya cika ƙa'ida. Waɗanda ke nuna wani ɗakin gwaji mai zaman kansa ya duba su ne irin UL, ETL, CSA da TÜV, su ma ɗin ana satarsu. Ni abin da na fi yarda da shi shi ne buɗe bayan mita. Fis iri biyu za ka gani. Akwai ɗan siriri na gilashi, irin na tsohuwar rediyo, an rubuta masa 250V. Akwai kuma fari mai kauri na tangaran, cike da yashi. Shi na gilashin, in wuta mai ƙarfi ta zo, silinsa zai narke amma wutar ta ci gaba da tsallakawa ta cikin iska, har ya tarwatse. Yashin da ke cikin na tangaran shi ke shaƙe wutar ya kashe ta. In mita ta ce ita CAT III 600V ce, ka buɗe ka tarar da fis ɗin gilashi mai 250V, ka san da wa kake magana. Kuma don Allah, in fis ya tsinke a sayo irinsa. Ɗaura silin waya ko takardar kwalin sigari a gurbinsa, ka mayar da mitarka mai tsada DT830 ke nan.

Wayoyin gwaji ma abin dubawa ne, don su ne a hannunka. Na araha roba ce mai kauri da 'yan silin tagulla kaɗan a ciki, tana taurarewa, tana tsagewa a gindin marikin. Nemi masu laushi, masu ɗan tudu a gaban yatsa da ke hana hannu zamewa, masu hular da ke rufe ƙarfen ta bar ɗan tsini kawai, saboda dogon ƙarfe yana iya haɗa waya biyu a cikin akwati. Wani lokaci sayen wayoyi masu kyau daban shi ne gyaran da ya fi kowane araha.

Me za ka yi da ita a gida? Mafi yawan aikin ma babu wuta a ciki. Dutsen guga ya ƙi zafi: zare shi daga soket, murɗa makunninsa, sa mita a om, taɓa ƙafafu biyu na filogi. Dutse mai wat 1,000 zai nuna wajen om 53, butar dafa ruwa mai wat 2,000 wajen 26. In ka ga OL, ko lamba 1 ita kaɗai a gefen hagu, hanya ta yanke; fara da fis ɗin cikin filogi da igiyar kafin ka zargi abin dumamar. Tsakanin waɗannan ƙafafu da jikin ƙarfen dutsen kuwa, dole a ga OL. In aka ga lamba, shi ya sa yake jan mai guga, a ajiye shi.

A soket, da mitar da ta cancanta, tsakanin ramuka biyu na ƙasa za ka ga wajen 230. Tsakanin mai wutar da ramin sama, wanda ke zuwa ƙasa, shi ma wajen 230 ake so. In can ka ga sifili ko wata lamba maras kan gado, wayar ƙasa ba ta haɗe. Na sha tarar da haka a gidajen haya na zango, inda aka yi ta ƙara ɗaki bayan ɗaki, kowane da mai gyaransa. Firjin da ke ɗan cizon yara in sun taɓa da jiƙaƙƙen hannu, sau da yawa nan ne maganar take. Kafin ka taɓa wayar da kake zaton ka kashe, ka gwada mitar a soket mai wuta, ka gwada wayar, ka sake komawa soket ɗin, domin mitar da ta mutu ita ma sifili take nunawa. Ƙasa ta zama busasshiya, takalmin roba a ƙafa. Tastan nan mai kama da sukudireba yana da amfani, amma a cikin hasken rana ba ka ganin 'yar fitilarsa, bai kamata a jingina rai da shi kaɗai ba.

Abin da ya cancanci ƙarin kuɗi

Ƙarar da mita ke yi in hanya ta haɗu, ita ce ta farko, kuma ta zama mai saurin amsawa. Kana ƙarƙashin dashbod ba ka da idon kallon gilashi. Wasu DT830 ɗin ma ba su da ita sam. Sai fitilar gilashi, da kashe kanta in an manta, da zaɓen mataki da kanta. Awon kafasita ma yana biyan kuɗinsa: fankar sama da ta koma juyawa kamar mai jin barci, galibi ɗan kafasitanta ne mai maikrofarad 2 ko 2.5 ya raunana, haka ma injin famfon da ke gurnani ba ya tashi. A kashe wuta, a sauke cajin kafasitan, a cire shi, sannan a auna.

Rubutun True RMS kuwa ya danganta da gidanka. In wutar kamfani kaɗai kake aunawa, ba dole ba ne. In kana da inbata mai araha, wadda wutarta ba ta fita sumul, mitar da ba ta da shi tana iya nuna maka ƙasa da 200 alhali inbatar 230 take bayarwa, ka ɗauke ta ka kai gyaran da ba ta buƙata. Ramin gwada tiranzisto, haɗawa da wayar hannu, lamba biyar a gilashi, waɗannan na masu gyaran rediyo da talabijin ne.

Wani abu da ba a faɗa wa mai saye: in batirin cikin 'yar araha ya yi sanyi, lambarta sama take yi. Batirin mota da ya rage rabi sai ta nuna shi cike. Da ka ga alamar batir a gilashi, canza shi. Ni na fi son mita mai cin AA ko AAA, don ana samunsu a kowane kiyos, ba kamar mai bolt 9 ba.

Mai aikin mota sosai, ina ba shi shawara ya duba mita mai baki kamar ƙaguwa, wadda ake maƙala wa waya ta auna amfa ba tare da an kwance komai ba. Babu ramin 10A, babu mantuwa. Sai dai masu araha da yawa AC kaɗai bakinsu ke aunawa, a mota ba su da amfani. Dole a ga DC a ɓangaren amfa, da maɓallin mayarwa sifili. Waya ɗaya ake maƙalawa. In ka haɗa biyu na igiya ɗaya, sifili za ka gani. UT210E ta kamfanin UNI-T ta yi suna a nan, don tana da ƙaramin mataki na amfa 2 da ke taimakawa wajen neman ɓarawon batir. Iyakarta amfa 100 ce, ba ta kik ba ce, kuma kariyarta CAT III 300V ce, saboda haka a bar ta nesa da layi uku.

Maganar suna, Fluke ta Amurka ita ce kowa ke kwatance da ita, kuma ta cancanta, amma magidancin da zai gwada soket sau uku a shekara ba sai ya kai can ba. Akwai ƙaramarsu, Fluke 101, mai CAT III 600V, wadda ba ta da ramin amfa ko ɗaya, wanda a wurina ado ne ga mai aikin gida. Brymen ta Taiwan da Sanwa, Hioki da Kyoritsu na Japan duk sunaye ne da ake girmamawa. A tsakiya akwai UNI-T da mitocin kamfanonin kayan aiki irin Ingco da Total da suka cika shagunanmu; a nan kowane samfuri da halinsa, sai an buɗe an gani. Direban da batir da caji kawai zai riƙa dubawa, ya sayi 'yar ɗorawarsa, ya liƙe ramin 10A da salatif, ya bar ta a mota, kada ta shiga gida. Wanda kuma yake son guda ɗaya ta yi masa gida da mota, ya ƙara kuɗi ya sayi matsakaiciya mai fis ɗin tangaran a duka hanyoyin amfa.

Ka tafi kasuwa da sabon batirin AA a aljihu. Ya kamata ya nuna wajen 1.6. Sa mita a om ka haɗa bakin wayoyin: ƙasa da rabin om ake so, kuma in ka murza wayar kada lambar ta yi ta rawa. Juya makunnin ka ji yana zama daram a kowane mataki. A sa ta a soket ɗin shago tare da wata a kwatanta. Sannan ka ce, "Maigida, a taimaka a buɗe mini bayanta in ga fis." Wanda ya yarda da kayansa zai ɗauko sukudireba. Tambaye shi kuma ko yana sayar da irin fis ɗin, ka haɗa da guda ɗaya tun a nan. In ta hannu ce, irin waɗanda ke zuwa cikin kayan gwanjo daga Turai, duba ko akwai baƙin ƙuna a bakin ramuka, ko an yi wa fis ɗin dabara. In kuma aka miƙo maka sabuwar Fluke a farashin 'yar ɗorawa, ajiye musu abarsu.

Akwai wuraren da ko wace mita ce a hannunka, ba naka ba ne. Wayoyi masu mahaɗi ruwan ɗorawa a ƙarƙashin sitiyari da kujeru na jakar iska ne. Awon om yana tura 'yar wuta, ba a kai shi can. Wayoyi masu ruwan lemo a motoci masu haɗin batir da fetur, irin Toyota Prius, suna ɗauke da bolt 200 zuwa sama. Cikin na'urar dumama abinci ta maikrowef akwai wajen bolt 2,000, ya wuce ƙarfin duk mitocin da muka ambata, kuma kafasitanta na iya riƙe caji bayan an zare ta. Mitar ECG ko NEDCo da hatiminta, ta kamfani ce. Jan sabuwar waya a gida kuwa, dokar wayarin ta 2011, L.I. 2008, ta ce sai wanda Hukumar Makamashi ta ba shaidar ƙwarewa. In ka kira shi, ka nemi ganin katinsa kafin ya buɗe akwati.